Fashin Baƙi: Warin Kananzir a Filin Jirgi da Kalmomin da Rahoton Muhalli Ke Magana da Su

Shekarar da Baffa ya sauke farali, ni na kai Gwaggo tarbarsa a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina. Dare ya raba muna tsaye daga waje cikin ɗaruruwan 'yan tarba, masu shayi na ta fifita gawayi, motoci sun yi layi kuma rabinsu ba a kashe ba. Da jirgin ya sauka ya juyo yana tafiya a hankali, iska ta kaɗo mana wani wari mai kama maƙogwaro. Gwaggo ta ja gefen mayafi ta toshe hanci ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ɓarar da kananzir a nan?"

Hancinta bai yi mata ƙarya ba. Man da manyan jirage ke sha, wanda ake kira Jet A-1, kananzir ne da aka tace shi sosai, kuma abin da ta shaƙa ragowarsa ce da injin bai gama ƙonewa ba. Mu dare ɗaya muka yi muka tafi. Amma akwai masu gida da gona a gefen shingen, kuma akwai takarda guda da doka ta ce ita za ta faɗi abin da za su riƙa shaƙa tun kafin a zuba kwalta. Sunanta rahoton nazarin tasirin aiki ga muhalli, a taƙaice EIA.

Najeriya ba ta samu wannan doka cikin daɗi ba. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, jihar Delta ta yanzu. Wannan abin kunya ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar, sannan a 1992 ta fitar da doka mai lamba 86, wadda har yau ita ce dokar EIA, yanzu a hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Cikin jerin ayyukan da dokar ta wajabta wa cikakken nazari akwai gina filin jirgi mai titin sauka da ya kai mita 2,500. In an kammala rahoton, sai a baje shi a wuraren da aka sanar na tsawon ranakun aiki 21, don duk mai ƙorafi ya karanta ya rubuta.

Na taɓa zuwa karanta irin wannan rahoto, na wani aiki daban, a wani ofis da ba sai na ambata ba. An ɗora shi a kan tebur, kaurinsa ya kai na bulo, ga littafin sa hannu a gefe. Masinjan ya kakkaɓe ƙurar da ke kan bangon ya miƙo mini biro, ya ce, "Malam, kai ne na farko." Saura kwana uku a rufe. Ban ga laifin mutanen unguwar da aikin ya shafa ba, domin ko ni da na yi boko sai da na yi gumi. Turancin ma ba na kasuwa ba ne, na masana ne, kuma wanda bai san kalmomin ba ba shi da inda zai kama ya yi jayayya. Shi ya sa nake ganin a warware su da Hausa.

Kalmomi biyu na farko su ne ginshiƙi, kuma a nan aka fi rikita mutane: fitarwa da taruwa. Fitarwa ita ce yawan hayaƙin da ya bar bakin injin, ana lissafa ta da kilo ko tan a shekara. Taruwa kuwa ita ce yawan da ke cikin iskar da ta iso hancinka, ana auna ta da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin akwatin iska mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Babban mutum yana shaƙar fiye da goma na irin wannan akwati kowace rana. Kowace mace mai girki da itace ta san bambancin: dami ɗaya ne, amma hura shi a tsakar gida daban, hura shi a madafa mai ƙaramar taga daban. Rahoton da ya cika shafuka da tan-tan na fitarwa bai ce komai ba tukuna game da huhun kowa, sai ya faɗi taruwa, a wane wuri, kuma a wane lokaci.

To yaya ake lissafa fitarwar jirgi? Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montiriyal ta Kanada, ta tsara wani ma'auni da za ka ga an rubuta LTO, ma'anarsa zagayen sauka da tashi. Abin da jirgi ya fitar ƙasa da ƙafa 3,000, kimanin mita 915, shi ake ɗauka ya shafi iskar gari. An raba zagayen gida huɗu. Gangarowa don sauka minti 4 ne, injin na aiki da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa. Tafiya a ƙasa da tsayuwar jira minti 26 ne a kan kashi 7. Zaburar tashi daƙiƙa 42 ce kacal a kan cikakken ƙarfi, sai hawa sama minti 2.2 a kan kashi 85.

A dubi minti 26 ɗin nan da kyau. Mutum zai zaci lokacin da jirgi ke ruri zai tashi ne ya fi ɓata iska, alhali kowane mataki da irin dattinsa. Injin jirgi an ƙera shi ne don ya yi aiki da zafi. In yana zaman jira wutarsa ba ta kama sosai, sai ya riƙa fitar da kabon monoksaid, iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, tare da ɗanyen man da bai ƙone ba. Warin Gwaggo ke nan. A zaburar tashi kuwa mai yana ƙonewa tas, amma zafin ya yi yawan da zai haɗa naitirojin da oksijin na cikin iska su zama abin da ake rubutawa NOx, wanda ke tayar da asma kuma in rana ta buge shi ya taimaka wajen haifar da ozon, wata iska mai cutar da huhu, a ƙasa-ƙasa. Akwai kuma farar wuta a cikin man, wadda ƙa'ida ta yarda ta kai kashi 0.3 cikin ɗari na nauyinsa, ita ma tana ƙonewa ta fita a matsayin hayaƙin da ake rubutawa SOx.

Waɗannan mintuna na gwajin inji ne, ba hoton kowane fili ba ne. A fili marar cunkoso kamar namu jirgi ba ya bin dogon layi, don haka tafiyar ƙasa tana iya gaza haka nesa ba kusa ba. Sai dai akwai wani ƙaramin inji a wutsiyar jirgi, APU, wanda ke ba da lantarki da sanyi lokacin da manyan injina ke kashe. A zafin Afrilu, ko lokacin da ake lodin ɗaruruwan maniyyata da jakunkunansu, yana iya daɗewa yana ci, kuma ba ya cikin lissafin LTO. Haka motocin jan kaya da na mai, da janaretocin da ke riƙe da fili in wuta ta ɗauke, da tururin da ke tashi daga tankunan mai a tsakiyar rana, da motocinmu na 'yan rakiya. Jimillar waɗannan duka ita ake kira ƙidayar hayaƙi. In ka buɗe wannan babi ka ga jirage kaɗai, ƙidayar ba ta cika ba.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa ita ce, filin da ke karɓar jirage 'yan kaɗan a rana ba shi ne babban mai ɓata iskar Katsina ba. Hayaƙin Keke Napep da babura a Ƙofar Ƙaura da yamma, itacen girki, janareta a kowane shago, bolar da ake cinna wa wuta da roba a ciki, duk sun fi shi kusa da hancin yawancinmu. Maganar fili magana ce ta waɗanda ke maƙwabtaka da shi, da kuma ta gobe, ranar da za a ce za a faɗaɗa.

Yanzu ga inda batun ya zama namu na musamman, wato ƙura. Za ka ga PM10 da PM2.5 a kusan kowane shafi. Lambar girman ƙwayar ƙurar ce a ma'aunin maikiron, kuma silin gashin kai ɗaya kaurinsa wajen maikiron 70 ne. PM10 takan tsaya a hanci da maƙogwaro da manyan hanyoyin numfashi. PM2.5 tana wucewa har can ƙarshen huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ba da shawarar kada matsakaicin PM2.5 ya wuce maikirogiram 5 a shekara, ko 15 a yini guda, PM10 kuma 15 a shekara, 45 a yini.

Duk wanda ya yi hunturu a Katsina ko Daura ya san mun yi hannun riga da waɗannan lambobi tun daga Nuwamba har zuwa Maris. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan rufe gari har hasumiyar Gobarau ta ɓace wa na nesa, jiragen ma a soke tashinsu. Masu nazari suna fara aikinsu ne da auna yadda iska take kafin a taɓa komai, abin da zan kira ma'aunin tushe, kuma a Najeriya an saba neman a auna a damina da rani duka biyu. Daga nan sai wata jimla ta biyo baya wadda ya kamata kowa ya gane ta in ya gan ta: iskar yankin dama ta wuce ƙa'ida saboda hazo, don haka abin da aikin zai ƙara ba shi da wani muhimmanci.

Ban yarda da wannan hujja ba, kuma ga dalilina. Na farko, jakin da kaya suka riga suka danne shi ne bai kamata a ɗora wa ko ƙunshin goro ba. Yaron da ke fama da tari tun farkon sanyi shi ƙarin zai fi kayarwa. Na biyu, ana haɗa abubuwa biyu ne da sikeli ɗaya alhali ba jinsi ɗaya ba ne. Ƙurar hazo yawancinta garin ƙasa ne mai nauyi. Abin da injin jirgi ke fitarwa kuwa ƙwayoyi ne da ba su kai maikiron 0.1 ba, baƙin toka da ɗigon farar wuta, waɗanda ke iya ratsa huhu su shiga jini. Miliyoyinsu ba sa motsa sikeli, don haka ba a auna su da nauyi, ƙirga su ake yi da na'ura ta daban. Wani bincike da aka buga a 2014 kan filin jirgin Los Anjalis a Amurka ya gano yawansu ya ninka sau huɗu a nisan kilomita 10 ta inda iska ke bi. Wancan fili ya fi namu zirga-zirga ninkin ba ninkin, ba na cewa haka abin yake a nan. Abin da nake cewa shi ne, na'urar da ke auna nauyi kaɗai ba za ta ga wannan ba ko da yana nan.

Da yake ba a iya auna hayaƙin aikin da ba a gina ba, sai a koma kwamfuta. Ana zuba mata ƙidayar hayaƙi da bayanan iska na shekaru, ita kuma ta zana inda zai bazu. Wannan shi ne hasashen bazuwa, kuma za ka ga sunayen manhajoji irin su AERMOD da AEDT, dukansu na hukumomin Amurka. Hasashen bai fi abin da aka ciyar da shi kyau ba. Tambaya ta farko ita ce, bayanan iskar na ina ne? Na tashar hukumar hasashen yanayi, NiMet, ta nan ne, ko an aro na wani gari? Akwai wani zane mai kama da fure da ke nuna daga ina iska ta fi busowa. Filinmu yana gabashin gari, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Ke nan unguwannin da ke bayan iska a watan Janairu ba su ne na watan Agusta ba. Sannan akwai abin da ke faruwa da asubahin sanyi, lokacin da iska mai sanyi ke kwantawa a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta kamar faifai a kan tukunya. Ka taɓa ganin hayaƙin masu ƙosai ya miƙe a kwance ya ƙi tashi sama? A irin wannan sa'a duk abin da aka fitar yana nan tare da mutane har rana ta ɗaga.

Wuraren da ake lissafa wa taruwa ana kiransu masu karɓa, kuma akwai masu rauni a cikinsu: asibiti, makaranta, gidaje. Wanda ya zo daga nesa da taswirar tauraron ɗan Adam zai ga firamare mai rufin kwano ya sa mata alama. Ba zai ga makarantar allo da ke zaure ba, ko tsangayar da almajirai ke kwana a fili, ko rugar da ke sauka bayan girbi. Waɗannan sai mai unguwa da dagaci sun faɗa, kuma lokacin faɗarsu shi ne zaman farko na shata iyakar nazari, tun kafin a fara awo. Wanda ya bari sai rahoto ya fito ya makara.

Ƙara ma tana da nata lissafin, da desibel. Ma'aunin ba ya tafiya kamar mudu: ƙarin 10 kunne yana jinsa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Abin lura shi ne yawancin rahotanni matsakaicin awa 24 suke bayarwa, wanda ake rubutawa DNL ko Lden, bayan an ƙara wa ƙarar dare maki 10 saboda barci. Amurka ta ɗauki 65 a matsayin iyakar da wuri ya dace da gidajen zama, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta yi wa Turai a 2018 ta ce ƙarar jirgi kada ta wuce 45, da dare kuma 40. Matsakaici yana haɗiye kololuwa. Jirgi biyu da ƙarfe ukun dare, in aka raba su a kan yini mai shiru, lambar za ta fito da kyau, amma jaririn ya riga ya farka. Haka jigilar alhazai ta 'yan makonni take narkewa a cikin matsakaicin shekara. A nemi lambar kololuwa, da adadin sau nawa ake kaiwa gare ta cikin dare.

Batun soja kuwa sai an taka a hankali. Mutumin Batsari ko Jibiya ko Faskari da ya ji rurin jirgin yaƙi ya nufi daji, addu'a yake bin sa da ita, kuma ni ma haka. Amma akwai giɓi a doka da ya kamata a sani. Ƙa'idojin hayaƙi da ƙara na ICAO suna cikin Rataye na 16 na yarjejeniyar Shikago ta 1944, kuma sashe na 3 na yarjejeniyar ya cire jiragen gwamnati, wato na soja da kwastan da 'yan sanda. Injin jirgin yaƙi ba a ƙera shi don shiru ko tsimin mai ba. Wasu suna da abin da ke fesa ɗanyen mai cikin wutar baya don ƙarin gudu, ƙararsa kuma ba ta haɗuwa da ta jirgin fasinja. Mai saukar ungulu nasa daban ne: yana tashi ƙasa-ƙasa, ba ya bin titi ɗaya, iskar fukafukansa kuma tana tayar da ƙasa a duk inda ba a daɓe ba, har matuƙin ma ya daina gani. Tashinsu ba shi da jadawali, adadinsa kuma sirri ne, don haka ƙidayar hayaƙi takan fito da rami a tsakiyarta a duk filin da soja da farar hula ke amfani da shi tare.

Na yarda ba za a liƙa lokutan tashin jirgin yaƙi a bango ba. Amma taswirar ƙara ba ta tona asirin kowa, kuma a Amurka sansanonin sojan sama suna buga ta don hukumomin tsara gari su san inda ba za a yanka filaye ba. Gwajin ruwan rijiya ma ba sirrin tsaro ba ne. Na kawo rijiya ne saboda kumfar kashe gobarar mai, wadda aka daɗe ana amfani da ita a filayen jiragen soja da na farar hula a duniya. Tana ɗauke da sinadaran PFAS waɗanda ba sa ruɓewa, suna nutsewa ƙasa daga wurin atisayen 'yan kwana-kwana su shiga ruwa. Yarjejeniyar Istokholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, ta sa ɗaya daga cikinsu, PFOS, a jerin abubuwan da aka taƙaita tun 2009. A garin da kusan kowane sabon gida da rijiyar burtsatse yake farawa, wannan ya fi hayaƙi tayar mini da hankali. Akwai kuma dalma a cikin man ƙananan jirage masu injin fistan, irin wanda ake kira 100LL. Bayan abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Ya isa a tambaya ko ana ajiye irin wannan mai a filin.

Ƙarshen rahoto shi ne babin rage illa da shirin kula da muhalli. Tsarin da aka sani shi ne a fara da kauce wa illar, in ba ta kautuwa a rage ta, sannan a gyara, diyya ce ta ƙarshe. A wajenmu magana takan fara ta ƙare a kan diyya, kuma a ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978 abin da ake biya shi ne amfanin gona da itatuwa da gini, ba ita ƙasar ba. Alkawuran rage illa ba su da wuyar ganewa: jona wa jirgi lantarki daga ƙasa don a kashe APU, daɓe wurin saukar mai saukar ungulu, yi wa wurin atisayen gobara siminti da magudanar da ba ta zuba cikin ƙasa, nisanta bola da mayanka saboda tsuntsaye. Kowane alkawari a duba abu uku a gabansa: wa zai yi, da kuɗin wa, kuma sau nawa za a dawo a auna. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, tana cikin masu alhakin bin sawu.

Wani babi da ake yawan tsallakewa shi ne na tarin illa, wato abin da zai faru in an haɗa wannan aiki da sauran da ke zuwa. Gari yana tafiya. Gonakin geron da ke gefen fili yau, gobe fulotai ne, jibi kuma an kafa Islamiyya a ƙarƙashin hanyar da jirgi ke gangarowa. Wani ɗan'uwana ya kira ni kwanan baya yana murna ya samu fili da araha ta wancan ɓangaren, ya ce, "Yaya, ka zo ka sa albarka." Na je, na sa. Sannan na roƙe shi kafin ya sauke yashi ya je wurin sau biyu, sau ɗaya da asubahin sanyi, sau ɗaya kuma da dare a lokacin jigilar alhazai, ya tsaya ya saurara, ya shaƙa. In ya haƙa rijiya kuma, ya ɗebi kwalba ɗaya ya kai a gwada kafin yara su fara sha.